Daƙiƙa Sha Ɗaya

Kafin ladanin Mabera ya gyara murya
na riga na ɗaure takalmin gudu.
Igiyar hagu ta tsinke tun watan jiya,
na ƙulla ta da zaren buhun albasa.

Bara, a filin tantance hafsoshi,
daƙiƙa sha ɗaya ta raba ni da layi.
Kofur ya dubi agogo, bai dubi fuskata ba,
ya ce, "Ka gaida gida."
Na dawo Sakkwato da lamba a ƙirji,
kwana uku sabulu yana fama da ita.

Sha ɗaya.
Ko hamma mai kyau ta fi ta tsawo.
Ita nake kora yanzu,
daga Gawon Nama zuwa Dandima,
ina ganin ƙeyarta, tana shan kwana.

Saje Hali yana jira a ƙofar filin Giginya,
zaune kan tsohon babur, gwiwa ɗaya ta ƙi lanƙwasa
tun wani daji da ba ya son a ambata.
"Modi, mi kaka ɓoyo cikin huhun nan?
Wanga gudu na mai zuwa ɗaurin aure na!"
Sai tsallen kwaɗo har cinya ta yi magana,
sai ƙirji ƙasa, ƙirji sama, arba'in,
na arba'in da ɗaya nasa ne, wai ladan ganin ido.
A gida, gwangwanin madara biyu
cike da simintin Kalambaina
suna jirana a bakin sandar ƙarfe.
Ba su taɓa yin fashi ba.

Da hantsi, lokacin da kwalta ke kama dunduniya,
ina shagon kwamfutar Muntaka.
Takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma,
hoton da kunnena ɗaya ya fi ɗaya fitowa,
digirin labarin ƙasa
wanda har yau bai saya mini ko mudun gero ba.
Sau huɗu sabis yana ɗaukewa a shafi na ƙarshe.
Gurbin shekaru na cike shi a hankali:
bana ce ƙofar ƙarshe,
baɗi na tsufa a idon takarda.

Inno ba ta ce je ka ba, ba ta ce zauna ba.
Akwatin ƙanenta Jeɗo yana ƙarƙashin gado,
shi ya dawo, mai shi bai dawo ba.
In na shigo da gumi tana kawar da kai,
ta yi ta tsince shinkafar da ta riga ta tsince.
Amma furata ta ƙara kauri,
kuma ban san wa ke sayen ƙwai biyu kullum ba.

Ran Talata na lalubi takalmi cikin duhu,
yatsana bai ji zaren buhu ba.
Sabuwar igiya, fara, an zura ta rami-rami,
an tsallake rami ɗaya,
irin aikin wadda idonta ya fara gajiya.
Ɗakinta shiru. Carbi kaɗai ke motsi.
Ban gyara ramin ba.

Na yi gudu ran nan kamar ana bina bashi.
Masu shayi suna hura gawayi,
jakunan yashi suna hawowa daga Rima,
na wuce su duka, na wuce ciwon haƙarƙari,
na faɗi a gaban babur ina cizon iska.
Saje ya daɗe yana duban agogo.
Ya kaɗa shi, ya kai shi kunne,
ya tura shi aljihu.
"Nawa, Saje?"
"Tashi. Agogon Kaduna ba ya sanin ɗan kowa.
Gobe ka zo da wuri."

Sunaye ba su fito ba tukuna.
Na wanke takalmin, na jingine shi a katanga,
igiyar tana ɗigar ruwa.